Hattara da mai tallan manyan murhun gas a Instagram, ya ci mana naira 850,000

Jama'a ku yi haƙuri in na yi ta maimaita magana, raina a ɓace yake. Naira 850,000. Kuma ba kuɗina ba ne, na wata Hajiya ce da nake haɗa wa kicin a nan Kano. Ni da bakina na ce mata ta tura, na ga kaya.

Alhali bidiyo na gani. Abin da ke cina ke nan. Mai kayan ya kira ni ta bidiyo, ya shimfiɗa tef a kan murhun ina kallo: faɗi santimita 90, zurfi 60, kai biyar, oben na gas a ƙasa, sabo fil cikin ledarsa. "Yallaɓai, in ka ga ba haka ba ka dawo min da kayana." Tef fa ya ɗora! Wa zai ga lamba a jikin tef ya kawo zargi? Ba jiya na fara wannan aikin ba.

Babban murhu ba a nema masa gurbi daga baya, da awonsa ake zana kicin. Na bar masa fili santimita 91 tsakanin kabad biyu, aka yanka giranit a kan haka, aka kafa mazuƙin hayaƙi mai faɗin 90, santimita 75 sama da inda tukunya za ta hau, aka huda bango don tiyo ya fita wajen tukunyar gas a waje.

Sai ga kaya sun iso, ƙarti huɗu suka sauke da kyar. Faɗinsa 100. Gwanjo ne aka fesa wa fenti, na sa farce a ƙasan ƙofar oben sai ga tsatsa. Af, kafin nan ma ya karɓi 40,000 kuɗin mota, ranar da ya ce motar direba ta lalace a hanya, ko washegari ne, na ma rikice. Ban da 850,000 ɗin.

Duk da haka na ce bari mu kunna. Wuta ta tashi ja, doguwa, nan da nan gindin tukunya ya yi baƙi ƙirin. Na leƙa bayansa, an kankare farantin bayani amma G20 na nan raɗau. Wato na gas ɗin bututu ne irin na gidajen Ingila, mai matsin miliba 20. Namu na tukunya G30 ne ko G31, matsinsa ya fi haka, shi ya sa hudar jet ɗinsa, wato ɗan bakin da gas ke fitowa a kowane kai, ta fi ƙanƙanta. Sai an sauya jet na kowane kai an sake saita ƙaramar wuta, kuma bai haɗo da ko ɗaya ba. Oben ɗin ma ashe na lantarki ne, irin wanda ake ja wa layinsa daban da waya mai kauri tun daga akwatin fis. Ban ja ba, tunda ce min ya yi na gas ne. Yanzu sai an fasa tayil. Ƙafar murhun ɗaya ta cije ba ta juyuwa, ka zuba mai a kasko ya taru gefe guda. Sarƙar da ake ɗaure shi da bango, don kada yaro ya taka ƙofar oben ya kifo masa, babu ita.

Sau uku ya ɗaga waya, "ana dubawa Yallaɓai", daga nan ya toshe ni. Shafin ya sauya suna, amma bidiyon nan dai shi ne, har tef ɗin. Da yamma zan ɗora hotunan hirarmu da rasit ɗin banki, bari in rufe sunan Hajiya tukuna.

Kada ku yanka giranit sai murhu ya shigo kicin kun auna da tef ɗinku. Ku karanta farantin baya, ku kunna da tukunyar gas ɗinku kafin ku biya. Ni dai gobe zan je in kalli idon Hajiya da zancen 850,000, ga kuɗin sabon kabad a wuyana.