Kamfani ɗaya ko biyu: wanne ya fi wa Bazazzagi?

Duk da kwalejin horar da matuƙa jirgin sama da ke Zariya tun 1964, in za mu tashi zuwa Legas sai mun je Kaduna ko Kano. Shi ya sa batun kamfanin jirgi mai araha ya haɗiye abokin gasarsa ya shafe mu.

In ya saye shi, akwai amfani. Jirage sun yi yawa a hannu ɗaya, wani ya lalace a kawo wani. Haka Southwest, kamfanin jirgi mai araha na Amurka, ya faɗaɗa da ya sayi abokin gasarsa AirTran a 2011.

Amma ni na fi son a bar su biyu. Muddin suna bin hanya ɗaya, kowa zai sassauta farashi don ya ja fasinja. Da zarar sun haɗe, wa zai hana ƙarin kuɗi ko soke tashin safe? Ɗan kasuwar Sabon Gari da ya saba zuwa ya dawo a yini ɗaya, sai ya biya masauki. Tsoron tsadar tikiti ne ya sa alƙali a Amurka ya hana kamfanin jirgi na JetBlue sayen abokin gasarsa mai araha, Spirit, a Janairun 2024, kodayake bashi ya kai Spirit gaban kotu neman kariya a Nuwamban shekarar.