DJ ɗin da muka ɗauka a taron su Baba, abin da ya yi daidai da inda ya ɓata min rai

Tun da aka tashi daga taron nan mutane ke ta tambayata wai ya aikin DJ ɗin da muka ɗauka yake, to bari in zauna in rubuta gaba ɗaya sau ɗaya, don wallahi akwai abin faɗa.

Taron na su Baba ne, 'yan ajinsu da suka gama sakandare a 1974, suka ce shekara 50 ba wasa ba ce lallai sai sun haɗu sun ga juna su da iyalansu, aka sa ranar wata Asabar a watan Disamba a wani ɗakin taro da ke Nasarawa nan Kano, daga bayan azahar zuwa magariba saboda yawancinsu ba sa son tuƙin dare kuma ga sanyi. Mutum wajen 120 in aka haɗa da matansu. Baba ne ma'ajin ƙungiyar, shi kuma duk abin da ya shafi buge-bugen waya da tura kuɗi ni yake miƙa wa, shi ya sa maganar kiɗa a kaina ta faɗo. Abin da ya ce min kawai shi ne, "Uwata, a samo mana mai hankali, ba na so a kashe mana kunne."

Na farkon da na kira ko gama bayani ban yi ba ya ce Anti kar ki damu ai tsofaffi ba su da wahala, Shata zan jera musu tun daga farko har a tashi. Na ce to zan neme ka, ban sake kiransa ba. Wannan da muka ɗauka wata ƙawata ce ta haɗa ni da shi, yaro ne da bai fi shekara 30 ba, kuma abin da ya fara ja min hankali shi ne bai fara da maganar kuɗi ba, cewa ya yi yana so ya zo gida ya gaida Baba ya yi masa wasu tambayoyi. Ya zo, ya tuɓe takalmi ya durƙusa ya gaishe shi, ya fito da ɗan littafi, ya fara: ranka ya daɗe bayan makaranta ina da ina kuka yi aiki, a cikinku akwai masu sarauta, akwai 'yan siyasa, akwai malamai waɗanda kiɗa zai takura, maza da mata tare za a zauna ko kowa da ɓangarensa, wace tashar rediyo kuka fi ji kuna samari. Sai kuma ya ɗan sunkuyar da kai ya ce, "Baba a yi min afuwa, masu mata fiye da ɗaya duka za su zo da su ne?" Ni har na ɗan haɗe rai don na ga kamar ya shiga hurumin da ba nasa ba, amma Baba dariya ya yi ya ce yaron nan ka san aikinka. Ashe dalilinsa waƙoƙin amada ne, da yawansu cike suke da habaicin kishiya, in ka saki irin wannan ga uwargida ga amarya a tebur ɗaya to kai ka tafi gida da kuɗinka, maigidan kuma ka bar masa aiki.

Nan ne na fahimci abin da ban taɓa tunani a kai ba. Mu yaran yanzu in mun ji tsohuwar waƙa daɗin kiɗan kawai muke ji, amma su mutanen nan sun san wa aka yi wa waƙar, sun san wa aka yi wa zambo a ciki, wani ma ya san wanda ake wasawa ɗin ido da ido, ko kakan matarsa ne, ko ya taɓa aiki a ƙarƙashinsa. Waƙar fada ba a sakinta haka kai tsaye a taron da ke da hakimai da 'ya'yan sarauta daga masarautu daban-daban, balle kun san halin da aka shiga a Kano kan maganar sarauta a shekarar 2024. Siyasa kuwa cewa ya yi ko ɗaya ba zai sa ba, tsohuwa ko sabuwa, Baba ya ce ka kyauta don a ajin nan akwai waɗanda tun rigimar ɓangarorin santsi da taɓo ta zamanin jam'iyyar PRP ba su gama shiryawa ba, da wasa ake faɗa amma akwai ƙamshin gaskiya.

Abu na biyu da ya burge ni shi ne lissafin shekaru da ya yi. Ya ce Anti mutane suna kuskure, da an ce tsoho sai a ɗauka kiɗan fada na zamanin su Narambaɗa kawai yake so, alhali wannan na iyayensu ne ma, wanda yake da 70 yau a 1975 saurayi ne ɗan ashirin da 'yan kai, lokacin da aka biya kuɗin Udoji ma'aikata suka yi ta sayen babur da rediyo mai kaset, su ne 'yan zuwa silima Plaza da Orion da El Dorado kallon fim ɗin Indiya, su ne masu aika wasiƙa zaɓi sonka a Rediyon Kaduna. Ya ce waƙar da mutum ya ji lokacin da yake zuwa zance ita ce take zama masa a ƙirji har tsufa. Baba bai ce komai ba amma na ga yana murmushi yana kallon Mama, ita kuma ta tashi ta shige kicin.

Ranar taro yadda ya jera kayansa ma daban ne. Manyan sifikun nan da ake tarawa a biki har ƙirjin mutum ya dinga bugawa bai zo da su ba, ƙanana guda huɗu ya kawo ya ɗora su a kan sanduna a kusurwoyin ɗakin, nesa da tebura, ya rage dundum ɗin sosai ya fito da muryar mawaƙi. Da na tambaye shi ya ce mutum in ya manyanta jinsa yana raguwa, kuma abin da ya fi ba shi wahala shi ne rarrabe maganar na kusa da shi in akwai hayaniya a baya, ga wasu da abin ƙara ji a kunne wanda in ƙara ta yi yawa sai ya dame su, su kuma mutanen nan hira ce ta kawo su, wani shekara 30 rabonsa da ɗan'uwansa. Ya ce in kin ga mutum biyu a tebur suna kai baki kunnen juna to na yi laifi, ki zo ki faɗa min. Na yi ta lura kuwa, sau ɗaya kawai na je.

Lokacin da ake shigowa ana rungume-rungume ana kiran juna da sunayen tsokana na makaranta, ƙasa-ƙasa ya sa gurmin Haruna Uji da kuntigin Ɗan Maraya Jos, irin kiɗan da ba ya hana gaisuwa. Aka buɗe taro da addu'a, Baba ya tashi ya karanto sunayen 'yan ajin da suka riga mu gidan gaskiya, jerin ya yi tsawo har muryarsa ta fara rawa, aka yi musu fatiha. To a nan ne na tabbatar ban yi asarar kuɗi ba, don da aka shafa bai taɓa komai ba, ya bar ɗakin shiru mutane suna goge ido, sai da aka fara rabon abinci cokula suka fara ƙara sannan ya dawo da kiɗa a hankali kamar mai sanɗa. Da la'asar ta gabato ma ba wanda ya je ya ce masa ya kashe, da kansa ya tsayar kafin a kira salla, ya bar yaronsa da kaya ya bi sahu.

Bayan la'asar ne wuri ya ɗau zafi. Ya raba ƙananan takardu a kowane tebur ya ce za a yi zaɓi sonka irin na da, kowa ya rubuta waƙar da yake so da wanda yake gaisarwa, shi kuma yana karantowa da irin salon masu gabatarwa na rediyo, wane yana gaida wane da ya cinye masa gari da ƙuli a aji uku. Dariya kamar me. Shata ne ya fi yawa a takardun, wannan ba mamaki, mutumin da ya rasu tun 1999 amma da kalangu ya tashi sai ka ga manya masu furfura suna amshi baki ɗaya ba wanda ya koya musu, sai Ɗanƙwairo, sai kukumar Garba Supa. Amma abin da ba zan manta ba wani abokin Baba ne da ciwon shanyewar ɓarin jiki ya taɓa, a keken marasa lafiya aka kawo shi, tun da aka zo bai yi wata magana ba matarsa ce ke ba shi abinci a baki tana goge masa da hankici. Ita ta rubuta takardar, ta nemi wata waƙar Mohammed Rafi. Da aka sa, ina tsaye kusa da teburinsu da tire a hannuna, sai na ga leɓensa yana motsi, yana bin waƙar nan da Indiyanci kalma bayan kalma, hannunsa mai lafiyar yana bubbuga gefen keken, matar ta ja mayafi ta rufe fuska. DJ ɗin ya hango, bai ce uffan a makirufo ba, da ta ƙare ya sake mayar da ita daga farko.

Mata kuwa sai da ya ga mazan sun fita waje ɗaukar hoto sannan ya sakar musu Barmani Choge, cikin waɗanda ya tace masu maganar sana'a da neman na kai, nan fa hajiyoyi suka aje jakunkuna, wata ƙawar Mama ta jawo murfin kula ta mayar da shi ƙwarya, masu ciwon gwiwa suna rawa daga zaune. Minti 15 ne kawai amma har yau maganar ake a gidanmu.

To yanzu inda ya ɓata min rai, don ba zan ɓoye ba. Na ɗaya ya makara, mun yi da shi 12 zai zo ya haɗa kaya ya gwada, sai ɗaya saura ya iso wai mai adaidaitan da zai ɗauko kayan ne ya yaudare shi, sakamakon haka ba a gwada makirufo da kyau ba, shugaban taro na fara jawabi ya yi wannan ƙarar mai tsinka kunne har sau biyu, wani dattijo sai da ya cire abin kunnensa. Ga taron da aka ce a kula da kunne wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Na biyu wanda ya fi ci min rai, wannan ɗabi'a ta 'yan DJ ta sa muryar da ke kiran sunansu a tsakiyar waƙa. Ana cikin jin Shata ya ɗauko wani zance mai nauyi kowa ya nutsu, kawai sai ga murya ta faɗo da Turanci tana kiran sunan DJ, haba don Allah. Kuma a farko-farko yana yanke waƙa bayan minti uku ko huɗu ya haɗa ta da wata irin yadda ake yi wa matasa, alhali waƙoƙin nan labari ne, mawaƙin yana hawa ne daki-daki, su kuma masu sauraro akwai ɗan da suke jira ya zo. Wani tsohon alƙali ya ɗaga sanda daga kujerarsa ya ce, "Kai yaro, ba a katse Alhaji yana magana." Gaskiya ya karɓi gyara nan take, ya ce a gafarce ni Baba, ya kashe muryar sunan ya daina yankewa har aka tashi, amma wanda ya yi tunanin kishiyoyi tun daga gida ai bai kamata a ce sai an faɗa masa wannan ba.

Na uku wasu waƙoƙin daga tsohon kaset aka kwafo su, suna shuuu kuma ƙarfinsu bai zo ɗaya ba, wata ta fito ƙasa wata ta fito da ƙarfi sai ya yi saurin kai hannu. Na san samun masu kyau na da wahala, amma aikin gida ne, zai iya daidaita su a kwamfuta kafin ranar. Sannan mutum uku sun nemi kiɗan Bala Miller, waɗanda suka yi zaman Kaduna ne, ba shi da ko ɗaya, wata hajiya kuma ta nemi waƙar Sudan ita ma babu. Ya ba su haƙuri ya rubuta a littafinsa.

Kuɗi naira dubu 150 muka yi da shi har da kayan sauti da makirufo biyu da yaronsa, janareta na masu ɗakin taron ne. Na san akwai masu yi ƙasa da haka, amma ni ban ga tsadarsa ba, in don zuwan da ya yi gida da shirun da ya yi bayan fatiha kaɗai ne ma. In za ku ɗauke shi ko wani irinsa don taron iyaye, ku ƙulla da shi tun farko ba sa suna a kan waƙa, ba yankewa, ya zo awa biyu kafin lokaci, kuma ku haɗa shi da ɗaya daga cikin dattawan su zauna, kar ku ce ku za ku zaɓa musu don abin da muke zaton suna so da abin da suke so akwai rata, ni kaina ban taɓa sanin Baba ya haddace waƙar Indiya ba sai ranar.

Da za a tashi Baba ya kira shi ya ƙara masa wani abu a kan kuɗinsa, ya ce ya zuba masa waƙoƙin ranar a memori saboda mota. Bayan kwana uku ya kawo har gida, na sa a waya na bi su ɗaya bayan ɗaya kafin in ba Baba, babu sunansa a kan ko ɗaya, kuma ya samo na Bala Miller guda biyu ya ƙara a ƙarshe, ya ce a tura wa mutanen Kadunan.