Robar minshari: abin da na gani a Ingila

Yaya, ina gaisuwa, da fatan su Anti da yara suna lafiya. Saƙonka ya iso, cewa in sayo maka irin robar da nake kwana da ita a baki in bai wa mai tahowa Kano. Ban saya ba, amma ka saurare ni kafin ka yi fushi.

Ka san ni da minshari tun muna kwana a shago, har kuna cewa na tada injin niƙa. A gida abin dariya ne. A nan Bamingham maman Aisha ce ta fara tsorata. Ta ce ƙarar ba ta dame ta ba, shirun ne ke hana ta barci: ina cikin ja sai ɗif, kamar an ɗauke wuta, sai ta zungure ni sannan in shaƙo iska da ƙarfi. Da rana kuwa ina tuƙin tasi ina gyangyaɗi a danja.

Likitan unguwa ya tura ni sashen barci na asibiti. Ko sisi ban biya ba, sai dai na biya da haƙuri, don wata huɗu na yi ina jira. Suka ba ni na'ura na kwana da ita a gida: bel a ƙirji, siririn tiyo a hanci, da wani abu maƙale a yatsa yana auna iskar da ke cikin jini. Abin da suke ƙirgawa shi ne sau nawa numfashi ke tsayawa ko raguwa na daƙiƙa 10 ko fiye a cikin awa guda. Daga 5 zuwa 14 mai sauƙi ne, 15 zuwa 30 matsakaici, ya haura 30 ya yi tsanani. Nawa 12. Likitar ta ce idan barci ya yi nauyi naman maƙogwaro kan saki, harshe ya zame baya ya toshe hanya. Na ce mata ni da wanzami ya cire wa beli tun ina jariri. Sai da na yi mata bayanin wanzami.

Da farko injin CPAP suka ba ni aro, mai hura iska ta takunkumin hanci, wanda wani likitan Ostareliya, Colin Sullivan, ya fito da shi a 1981. Yana aiki, ba musu, kuma ga mai tsanani shi ne kan gaba. Ni dai na kasa sabawa. Kuma ina kwance ina tunanin unguwarmu: injin da ke son wuta tun daga isha har asuba, in ba ka da sola ai ado ne kawai.

Robar kuwa iri biyu ce, kuma nan ne mutane ke ruɗewa. Akwai ta kemis da intanet, mai araha, a tsoma a ruwan zafi ta yi laushi sannan a ciza. Na saya. Kafin ƙarfe biyu na dare ta fice, da safe na tsince ta ƙarƙashin filo, muƙamuƙina na ciwo kamar na sha naushi. Ta biyun likitan haƙori ke yi. Sai da ya duba haƙorana ɗaya bayan ɗaya da dasashi, ya ɗauki awon bakina da 'yar kyamara, sannan aka ƙera daidai ni. Gida biyu ce, sama da ƙasa, tana turo muƙamuƙin ƙasa gaba kaɗan, harshe ya biyo shi, hanya ta buɗe. Ana ƙara turin ne a hankali, milimita bayan milimita. Wannan da kuɗina na yi, fam ɗaruruwa, kar ma ka juya shi zuwa naira. Makon farko filona jiƙe da yawu, da safe haƙora ba sa haɗuwa sai na ɗan motsa baki. Yanzu na saba, gyangyaɗin danja ya tafi, kuma ba ta buƙatar wuta ko batir, sai buroshi da ruwa.

To ka ga wadda za ta yi maka amfani ba ta aikuwa, wadda ke aikuwa kuma ban yarda da ita ba. Ga turmin haƙorinka da ka ce yana girgiɗi, robar kuwa a jikin haƙora take dogara. Ga hawan jini, wanda ɗaukewar numfashin nan na iya ƙara shi. Tsorona shi ne ta rage ƙarar, Anti ta samu barci, numfashin kuma ya ci gaba da ɗaukewa ba mai zungurar ka.

Ka ce wa Anti ta ɗauki minsharinka a waya dare ɗaya, musamman wurin shirun. Ka tafi da shi Asibitin Malam Aminu Kano, sashen kunne da hanci da maƙogwaro, daga nan ka biya wajen likitan haƙori. Kuɗin da zan sayi robar da su zan turo maka ranar Juma'a, ka yi katin asibiti da kuɗin mota.