Tagogin tsohon gidan bakin tafki: wace iri za ka saya?

Wasu gidajen da aka gina a bakin tafkunan Minnesota da Michigan a Amurka daga 1945 zuwa ƙarshen shekarun 1960 kamanninsu ɗaya ne: rufi a kwance ko mai ɗan gangare, ginshiƙan katako a fili, da gilashi daga ƙasa har sama yana fuskantar ruwa. Gilashin nan shi ne kyan gidan, amma falle ɗaya ne, ɗumi ta nan yake zurarewa duk hunturu. Kafin ka taɓa kicin ko banɗaki, fara da taga.

Mafi araha shi ne ka bar tsohon firam, ka ƙara wani gilashi ta ciki ko ta waje. Idan katakon bai ruɓe ba, wannan dabara ce mai kyau, fasalin gidan kuma ba ya canjawa. Sai dai a soki ƙasan firam ɗin da tsinin sukundireba tukuna, domin danshin tafki daga can yake fara cin katako.

Idan ya ruɓe, sai sabuwar taga. Ta roba ita ce mai sauƙin kuɗi, ba ta neman fenti, amma ni ba na son ta a irin wannan gida. Firam ɗinta kauri gare shi, yana cinye gilashin da aka sayi gidan dominsa, kuma a manyan tagogi roba tana miƙewa da zafi ta tsuke da sanyi. Ta alminiyom siririya ce, ta fi kama da ta asali, amma ƙarfen yana shigo da sanyi har raɓa ta taru, sai in an sa masa abin tare sanyi a tsakiya. Ta katako mai rigar alminiyom a waje, irin wadda kamfanin Marvin da ke garin Warroad a Minnesota ke yi, tana da kyau daga ciki, tana kuma da tsada. Ta faibagilas, wato zaren gilashi da aka haɗa da danƙo mai tauri, nake fifitawa: ba ta ruɓewa, zafi da sanyi ba sa motsa ta sosai, kuma firam ɗinta bai yi kauri ba.

Duba takardar NFRC, ƙungiyar da ke auna ingancin tagogi a Amurka, da ke manne a gilashin sabuwar tagar. Adadin U da ke kanta, ma'aunin ɗumin da ke zurarewa ta taga, in ya yi ƙasa, ɗumi ya fi zama a ɗaki. Falle ɗaya yana kusa da 1.0, falle biyu mai iskar argon a tsakani wajen 0.30, falle uku kuwa yakan sauka zuwa 0.20. Bangon da ke kallon tafki, inda iska ke bugowa ba shamaki, ya cancanci falle uku, amma nauyinsa na buƙatar injiniya ya duba ginshiƙan.

A 1978 aka haramta fenti mai gubar dalma a gidajen Amurka, gidajen da aka gina kafin nan kuma suna iya kasancewa da shi, don haka ɗan kwangilar da zai ɓalle tsofaffin firam dole ya kasance da shaidar hukumar kare muhalli ta Amurka (EPA) ko ta jiha. Nemi ganin takardar kafin ka ba da kafin alƙalami.