SCImago, ma'aunina kafin in aika maƙala

Ina koyar da labarin ƙasa a nan Damagaram, kuma tunda na fara haɗa takardun CAMES, hukumar da ke tantance malaman jami'a don ƙarin girma a ƙasashenmu masu amfani da Faransanci, ba na aika maƙala ko'ina sai na leƙa SCImago, shafin intanet da ke auna darajar mujallun bincike. Kyauta ne, abin da ya fara jawo ni ke nan. Takwaransa, Journal Citation Reports na kamfanin Clarivate, sai an biya, aljihuna kuwa bai kai can ba.

Da ka rubuta sunan mujalla, zai nuna maka matsayinta daga Q1 (rukunin sama) zuwa Q4 (rukunin ƙasa), fanni-fanni. Daga Scopus, wani babban rumbun bayanan maƙalun bincike, yake ɗebo alƙaluma, yana ƙirga ambaton maƙalun shekara 3, ba 2 ba kamar Impact Factor, ma'aunin Clarivate. Inda ya burge ni, ba kowane ambato ne ɗaya ba: na babbar mujalla ya fi nauyi, kamar shaidar dattijo gaban alƙali. Amma a yi hattara, mujalla guda tana iya zama Q1 a wannan fanni, Q2 a wancan. Na kusa yin ruwa a nan.

Mujallunmu na Faransanci kaɗan ne a ciki, tunda sai wadda Scopus ya ɗauka. Su kam, wani dattijon malaminmu nake tambaya, muna shan shayi bayan la'asar.