Ofishin wisiye a Garwa: sun san aikinsu amma sai ka yi haƙurin jira

Duk wanda ya ba da hayar shago a garin nan na Garwa a Kamaru kuma ɗan hayan ya zame mishi ƙarfen ƙafa, shawarata ya je wurin wisiye, wato jami'in da doka ta ba ikon kai takardun shari'a da zartar da hukuncin kotu, tun kafin ya buɗe baki ya ce wa mutum ya tashi. Ba zan faɗi sunan ofishin da muka je ba, ƙaramin wuri ne dai, fanka ɗaya da tulin takardu, amma aikin da suka mana ya isa a rubuta, da mai daɗin da mara daɗin.

Shagon na Baffana ne a Yelwa, ni nake karɓar mishi kuɗin haya. Wani mai gyaran waya ke ciki sama da shekara uku, kuma ba wai baya biya ba ne kwata kwata, da haka ne ma da abin ya zo da sauƙi, a'a sai ya tara wata biyu ya turo na wata ɗaya ta Orange Money ya kashe waya, bayan haka ya raba shagon biyu da katako ya saka wani mai cajin waya yana karɓar haya a hannunshi ba tare da ya tambayi kowa ba, ga kiɗa har bayan isha'i maƙwabta suna ta kawo ƙorafi. An kai gaban jawro, wato mai unguwa, ɗan hayan ya ba da haƙuri, aka watse ya ci gaba da halinshi. Baffa yace to in kwantiragi ya ƙare shikenan, ba za a sabunta ba, ai shagonshi ne.

Abin da ya sa nake yaba ofishin nan shine Metir, wato shi wisiyen, bai faɗa mana abin da muke son ji ba. Yace "Alhaji, shago naka ne ba musu, amma hayar wurin sana'a dokarta daban." Ashe dokar OHADA ce ke aiki, dokar kasuwanci ta haɗin gwiwar wasu ƙasashen Afirka, wadda Kamaru da Chadi duk suna ciki, aka sake mata fasali a 2010. A cikinta ɗan hayan da ya yi shekara 2 yana sana'arshi a wurin ya samu haƙƙin a sabunta mishi. Mai shago zai iya ƙi, amma sai ya biya shi diyyar tashi, in ba su daidaita kan kuɗin ba alƙali ya yanka. Da Baffa ya ji maganar shi ne ma zai biya diyya sai da ya cire hula ya ajiye a gwiwa.

Sai Metir ya nuna mana ƙofar da ake fita ba a biya ko dala ba, sashe na 127. In ɗan haya ya karya wani babban sharaɗi na kwantiragi, kamar rashin biyan haya, kana da dalili. Saka wani a shago da karɓar haya a hannunshi ma doka ta hana in dai kwantiragi bai yarda ba. Amma fa faɗa da baki baya shiga lissafi, zaman gaban jawro ma baya shiga, dole sai an kai mishi takardar gargaɗi a rubuce kuma ya ci gaba da laifin fiye da wata 2 bayan ya karɓa. Ɗayar hanyar ita ce in za ka rushe ginin ka sake, wannan ba ta shafe mu ba.

Lissafin watanni shine inda na ga amfanin kuɗina sosai. Kwantiragi mai wa'adi, ɗan haya ne zai nemi sabuntawa a rubuce aƙalla wata 3 kafin ya ƙare, in ya yi sakaci haƙƙin ya faɗi. Mai shago kuma in bai ba da amsa ba har ya rage ƙasa da wata 1, doka ta ɗauka ya yarda. Ka ji fa, shirunka kaɗai ya sabunta wa mutum haya. In kuma babu wa'adi a takardar, sanarwar wata 6 ake bayarwa. Sakatariyar ta rubuta mana ranakun nan a bayan wani ambulan, kuma gara da aka fara da wuri don mutumin namu ya samu mai ba shi shawara, takardarshi ta neman sabuntawa ta iso kan lokaci.

Yaron ofishin ya kai gargaɗin har shago, mutumin ya ƙi sa hannu, suka rubuta cewa ya ƙi, ba hayaniya ba zagi. Da wa'adin ya wuce suka dawo suka duba da idonsu, katako na nan, mai caji na nan, suka ɗau hoto suka rubuta. Wannan ɓangaren ban da abin cewa.

Na tambaya batun ɗaure mai cin kuɗin haya da ake ta faɗa a majalisar hira. Gaskiya ne yana cikin dokar laifuka ta 2016, sashe na 322-1, wanda ake bi hayar wata 2 kuma bai biya ba bai tashi ba wata 1 bayan an kai mishi takarda, ɗaurin wata 6 zuwa shekara 3 ko tarar sefa 100,000 zuwa 300,000 ko duka biyun. Sharaɗin shine kwantiragin ya zama an mishi rajista a ampo, wato ofishin haraji, kuma mu nan mun saba hayar baki da baki da shaidu biyu. Namu na da rajista, amma Baffa yace shi ba zai kai ɗan mutane gidan yari kan haya ba.

Yanzu inda suka ban haushi. Jira wallahi, ace ka zo da safe ka zo ka tarar Metir ya tafi tirbinal, wato kotu, ka kira ba a ɗauka. Farashi ba a rubuce yake a bango ba, kowace takarda da kuɗinta, ga na tambur ga na man mashin ɗin yaro, sai a hankali suke fitowa ɗaya bayan ɗaya, don haka ka nemi jimilla tun ranar farko kuma kar ka bar resi. Takardun duk da Faransanci ne, sakatariyar Fulatanci take ji sosai Hausarta kaɗan ce, in dattijo zai je ya tafi da mai karanta mishi.

Kuma kar wani ya ɗauka wisiye zai zo ya watso kaya waje don ka biya shi, sai da hukuncin kotu a hannunshi. Ya gargaɗe mu kar mu canza kwaɗo kar mu yanke wuta, yace nan ne mai gaskiya ke komawa mai laifi. Takardar ƙin sabuntawa da dalilanta ta isa hannun mutumin kafin lokaci ya ƙure, kwantiragi zai ƙare ƙarshen wata mai zuwa, in bai ba da makulli ba sai mu ɗau lauya, don tsayawa mana a kotu ba aikin ofishin nan ba ne.