Ducato ko Sprinter: wacce ta fi dacewa a mayar ɗakin kwana?

Wani ɗan'uwanmu na Birmingham a Ingila ya yi tambaya jiya. Yana son sayen babbar motar kaya ta hannu, ya mayar da cikinta ɗaki, da gado da wurin girki, don su riƙa fita Wales da Sikotland shi da mai ɗakinsa da yara biyu. Ya rasa wacce zai ɗauka tsakanin Fiat Ducato da Mercedes Sprinter, amma ya ce ransa ya fi kwanciya da Marsandi. To Malam, na gane. Mu da muka tashi muna ganin Marsandi a ƙofar gidan masu kuɗin unguwa, wannan tambarin ba ya fita a ranmu. Sai dai ni shawarata ita ce Ducato, kuma dalilin gado ne.

Da farko ka sani cewa Ducato da Peugeot Boxer da Citroën Relay uwarsu ɗaya ubansu ɗaya. A masana'antar Sevel da ke Atessa a Italiya ake haɗa su, bodin ɗaya ne, inji da tambari ne suka bambanta. Duk wacce ka samu mai lafiya a cikinsu, ita ce. Tawa Boxer ce.

Faɗin cikin Ducato mita 1.87 ne, kuma bangonta a miƙe yake kamar akwati. Na Sprinter wajen 1.78, kuma tana tsukewa ta sama. Bambancin bai kai tsawon tafin hannu ba, amma shi ne komai. A Ducato mutum mai matsakaicin tsawo zai shimfiɗa gadonsa a gicciye, kai a wannan bango ƙafa a wancan, ya cinye abin da bai wuce mita 1.4 na tsawon motar ba. A Sprinter yawanci sai dai a kwanta a tsaye da tsawon mota, gadon ya lashe kusan mita biyu, ko kuma a yanka bodin a saka kumburin roba a gefe don ƙafa ta samu wuri. Ƙari a kan haka, hancin Sprinter ya fi tsawo. Ducato L3, wato mai tsawo na uku a jerinsu, tsawonta daga waje mita 5.99, cikinta 3.7. Sprinter matsakaiciya kusan tsawon ɗaya daga waje, amma cikinta wajen 3.3 ne.

Yanzu lissafa da naka iyalin. Kujerun gaba uku ne, ku huɗu ne. Dole ka saka kujerar baya ta gaske, mai bel, wadda aka ɗaure da ƙarfen mota, ba benci na katako ba. Ita kaɗai za ta ci wuri mai yawa. Ga risho, ga firji, ga tankin ruwa, ga gadon yara. Sannan abin da Turawa masu bidiyon gyaran mota ba za su gaya maka ba: ina za ka shimfiɗa sallaya? Ran da aka wuni ana ruwa a Highlands, tsaunukan Sikotland, ko ƙudajen nan nasu masu cizo suka fito da magariba, ba ka da wurin sallah sai tsakar motar. Ni na bar fili tsakanin ƙofar gefe da kantar girki daidai tsawon sallaya, kuma ba don gadona yana gicciye ba da ban same shi ba. Wannan ne ma ya sa nake cewa kada ka kalli mai gajeren rufi. H2, wato mai matsakaicin rufi, tsayin cikinta mita 1.93, kafin a shimfiɗa daɓe a rufe sama. H1 kuwa 1.66, a sunkuye za ka yi rayuwa. H3 ta yi yawa sai in kai dogo ne sosai, tana shan iska tana shan mai.

Ba wai Sprinter ba ta da abin yabo ba. Yawancin waɗanda za ka gani a kasuwa tayoyin baya ne ke jan su, Ducato kuwa na gaba. In ka yi fakin a filin ciyawa aka kwana ana ruwa, nauyin kayanka duk yana baya, mai ja ta baya za ta fita abinta, mai ja ta gaba tana iya tsayawa tana murza taya har sai an sa mata katako. Akwai ma Sprinter mai ja da tayoyi huɗu daga kamfani. Rashin faɗin nan nata yana zama alheri a 'yan siraran hanyoyin ƙauyukan Wales masu katangar dutse hagu da dama. In kuma giyar otomatik kake so, Sprinter ta daɗe da mai kyau, Ducato sai 2019 ta samu mai giya tara. Abin da za ka biya shi ne tsadar saye, tsadar kayan gyara, da daɓe mai tudu saboda farfelar da ta bi ta ƙasa. Tsofaffin kuma an san su da tsatsa, don haka ka durƙusa ka leƙa ƙarƙashi da bakin tayoyi da gindin ƙofofi. Injin Sprinter 2.1 da sarƙa yake aiki, Ducato 2.3 da bel, sai ka nemi takardar ranar da aka canja shi.

Ford Transit tana tsakanin su biyun, tuƙinta da daɗi. In mai injin EcoBlue ce, wato daga 2016, bel ɗinta cikin man inji yake wanka, kada ka saya ba ka ga shaidar canjinsa ba.

Abu biyu kuma ba ruwansu da tambari. Na farko hayaƙi. Kai da kake Birmingham, tun Yunin 2021 motar dizal da ba ta kai matakin tsabtar hayaƙi na Euro 6 ba fam 8 take biya kullum in ta shiga tsakiyar gari. Landan fam 12.50, kuma tun Agustan 2023 dokar ta game birnin duka. Glasgow ba a ma biya a shiga, tara ce kawai. Motocin kaya daga ƙarshen 2016 zuwa sama galibi sun cika sharaɗin, amma sa lambar motar a shafin gwamnati ka tabbatar, a nan ma za ka ga tarihin MOT ɗinta, wato gwajin lafiyar mota na shekara-shekara, kyauta. Tsohuwa mai araha za ta yi maka arahar kayan banza.

Na biyu nauyi. Lasin ɗin mota na yau da kullum kilo 3,500 ya ba ka, da kai da iyali da mai da komai. Motar kanta babu komai a ciki ta kai wajen tan biyu, Sprinter ta ɗan fi nauyi. Ruwa lita ɗaya kilo ɗaya ne, kuma mu masu alwala sau biyar ba ma yi da ƙaramin tanki. Ni na yi kuskuren yin kabad-kabad ɗina da katako mai kauri, wai don ya yi ƙarko. Da na hau sikeli da tanki cike, sai da na dawo gida na kwance rabinsu na sake da mai shara-shara.

Ka ce wata rana kana so ka turo ta gida. Wannan kam cire shi daga lissafi. Motar Ingila sitiyarinta a dama yake, Najeriya kuwa ta koma tuƙi a hannun dama tun 1972, ba a amince da irin wannan sitiyarin a titi ba. Mai wannan niyya daga Jamus ko Faransa yake saye.

Don haka nemi Ducato, Boxer ko Relay, L3H2, Euro 6, mai takardun sabis. Ran da za ka je dubawa tafi da tef ɗin awo, ka cire takalmi ka kwanta a gicciye a ƙasan motar ta baya, ko mai sayarwa zai yi maka kallon mahaukaci. Ka rage wajen yatsu uku kowane gefe saboda abin tare sanyi da allon bango. In tsawonka ya wuce abin da ya rage, ƙafarka za ta tokare, gado a gicciye ya tashi, sai mu dawo mu yi maganar doguwar Sprinter.